Louis Braille (1809–1852): Ɗan Badukun da Ya Buɗe wa Makafi Ƙofar Rubutu

An haifi Louis Braille ranar 4 ga Janairu, 1809, a Coupvray, wani ƙauye da ke gabas da birnin Paris a ƙasar Faransa. Mahaifinsa, Simon-René Braille, baduku ne mai ɗinka linzami da kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya ɗauki wani makami mai tsini a rumfar mahaifinsa yana wasa, sai ya soke shi a ido. Ciwon ya ruru har ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance. Iyayensa ba su killace shi a gida ba. Da taimakon limamin cocin ƙauyen ya shiga makaranta tare da yara masu gani, yana ɗaukar darasi da kunne.

A 1819 ya sami gurbi a makarantar makafi ta Paris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan makarantar an buga su ne da manyan haruffan boko masu tudu, ɗalibi ya bi siffar kowane harafi da yatsa. Ga nauyi, ga tsada, ga jinkirin karatu. Babbar illar ita ce makaho na iya karanta su, amma ba ya iya rubuta irinsu da hannunsa. A 1821 aka gabatar wa ɗaliban wata dabara ta Charles Barbier, tsohon hafsan soja, wadda ke amfani da ɗige-ɗige masu tudu har goma sha biyu a gida ɗaya. Braille ya lura cewa gidan ya yi wa kan yatsa tsawo, dole sai an ja yatsan sama da ƙasa kafin a gane alama guda.

Gyaran da ya yi shi ne rage ɗigon zuwa shida, uku a hagu uku a dama, daidai abin da kan yatsa ke rufewa a taɓawa ɗaya. Ɗigo shida na ba da alamomi 63, waɗanda suka wadaci haruffa da lambobi da alamomin rubutu, har da rubutun kiɗa. Kayan aikin kuwa ƙaramin allo ne mai ramuka da wani tsinke mai kama da basilla. Ya kammala tsarin a 1824 yana ɗan shekara 15, ya wallafa shi a 1829, ya sake fito da shi da gyare-gyare a 1837.

Braille ya zama malami a makarantar da ta rene shi, yana koyar da tarihi da lissafi da kiɗa, yana kuma kaɗa molon coci a Paris. Sai dai hukuma ba ta yi saurin karɓar aikinsa ba. Malamai masu gani sun fi son haruffan da idonsu ya saba da su, har wani shugaban makarantar, Pierre-Armand Dufau, ya hana amfani da ɗigon na wani lokaci. Ɗalibai suka ci gaba da rubutu da shi a ɓoye, domin su ne suka san amfaninsa. Tarin fuka ya daɗe yana cin Braille, ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1852. Sai a 1854 makarantar ta amince da tsarin a hukumance. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin gwarazan Faransa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar haihuwarsa don tunawa da rubutun makafi.

Tarihin nan ya shafi manazarcin Hausa kai-tsaye. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, ya kai ƙololuwar fasaha da kunne da hadda, amma sai da hannun wasu waƙoƙinsa suka hau takarda. Rubutun Braille ya sami gindin zama a Arewa ta makarantu irin ta makafi da ke Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, kuma sai da aka tanadar wa haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, alamominsu kafin ya dace da Hausa.

Wannan aikin daidaitawa bai ƙare ba. A yau wayar hannu da kwamfuta na karanta rubutu da murya, amma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka na'ura ba ta da hanyar rarrabe gari na zama da gari na tuwo sai an koya mata. Yaron da ya rasa ganinsa a Sundimina ta Birnin Kudu, ko a Gwaram, ba zai amfana da na'urar da ba ta iya harshensa ba. Koya mata Hausa nauyi ne a wuyan masana harshe, kuma rayuwar Braille ta nuna cewa ba a yin sa daidai sai an zauna da makafin da za su yi amfani da ita.