Ida B. Wells: Malamar makarantar da ta bi kadin talakawa har gidan yari

A shekarar 1913 babban alƙalin kotun birnin Shikago ta ƙasar Amurka, Harry Olson, ya naɗa wata mata baƙar fata jami'a mai kula da waɗanda kotu ta yi wa ɗaurin talala. Albashinta dala 150 ne a wata. Maimakon ta kai kuɗin gida, sai ta riƙa biyan hayar wani gini da ke titin State, inda samarin da ba su da kowa a birnin suke samun wurin kwana da littattafan karatu da hanyar neman aiki. Sunan matar Ida B. Wells. Duniya ta fi saninta da aikin jarida, amma shekarun da ta yi tana kai-kawo tsakanin kotu da unguwa da gidan yari suna cikin mafi nauyin abin da ta bari.

An haife ta ranar 16 ga Yuli, 1862, a garin Holly Springs na jihar Mississippi, lokacin da iyayenta, James da Elizabeth Wells, suke cikin ƙangin bauta. Bayan yaƙin basasar Amurka iyalin suka sami 'yanci, mahaifinta kuwa, wanda kafinta ne, ya tsaya tsayin daka sai 'ya'yansa sun yi ilimi. A 1878 annobar cutar shawara ta ɗauke uwa da uba da ƙaramin ƙanenta. Tana da shekara 16 kacal. Da dangi suka yanke shawarar rarraba marayun, sai ta ƙi, ta nemi aikin koyarwa a wata makarantar ƙauye domin ta riƙe ƙannenta a wuri guda.

Daga baya ta koma birnin Memphis na jihar Tennessee. A can ne ta fara ɗanɗana yadda shari'a take bayarwa da hannun dama ta karɓe da na hagu. Ma'aikatan jirgin ƙasa sun fitar da ita da ƙarfin tsiya daga taragon mata duk da tana riƙe da tikitinta, sai ta kai kamfanin ƙara. A watan Disambar 1884 kotu ta ba ta diyyar dala 500, amma a 1887 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin. Tun daga lokacin ta ƙara dogara ga alƙalami. Ta riƙa rubutu da laƙabin Iola, ta sayi hannun jari a jaridar Free Speech, kuma a 1891 hukumar ilimi ta ƙi sabunta mata aiki saboda ta fallasa halin da makarantun baƙaƙen fata suke ciki.

Abin da ya sauya alƙiblar rayuwarta ya faru ne ranar 9 ga Maris, 1892. Wasu mutum uku, Thomas Moss da Calvin McDowell da Will Stewart, suna gudanar da kantin kayan masarufi wanda ya fara janye ciniki daga kantin wani farar fata. Bayan wata hatsaniya aka tsare su, cikin dare kuma gungun mutane suka fito da su daga gidan yari suka harbe su. Moss amininta ne. Ta ga cewa mutanen suna hannun hukuma lokacin da aka kashe su, kuma babu wanda aka hukunta. Wannan ya sa ta shiga binciken irin waɗannan kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya: wa aka kashe, a ina, da wane zargi. A lokacin ana yawan fakewa da cewa fyaɗe ne ke tunzura jama'a su ɗauki doka a hannunsu. Alƙaluman da ta tattara daga jaridun fararen fata kansu sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka ma yi wa wannan zargin. A watan Mayun wannan shekara aka farfasa ofishin jaridarta tana kan tafiya, aka kuma yi barazanar kashe ta idan ta dawo.

Gudun hijira bai rufe mata baki ba. Ta wallafa ƙasidar Southern Horrors a 1892 da The Red Record a 1895, ta kuma je Birtaniya sau biyu, a 1893 da 1894, tana gabatar da jawabai. A 1895 ta auri Ferdinand Barnett, lauya kuma ɗan jarida, ta zauna a Shikago. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP a 1909. A ƙarshen wannan shekara aka yi wa wani mutum mai suna William James kisan gilla a garin Cairo na jihar Illinois. Dokar jihar ta 1905 ta tanadi cire shugaban 'yan sandan gunduma idan aka ƙwace fursuna daga hannunsa aka kashe. Wells ta je garin da kanta ta tattaro shaidu, ta tsaya gaban Gwamna Charles Deneen tana ƙalubalantar mayar da jami'in, Frank Davis, kan kujerarsa. Gwamnan ya ƙi mayar da shi.

Ƙungiyarta ta unguwa ta samo asali ne daga wani ajin samari da take koyarwa ranar Lahadi a coci. Bayan tarzomar ƙabilanci ta birnin Springfield a 1908, ta gayyace su gidanta su riƙa tattauna abin da ke faruwa da kuma abin da za su iya yi. Wannan zama shi ya zama ƙungiyar Negro Fellowship League. Ziyarar da ta riƙa kaiwa gidan yarin Joliet ta ƙara buɗe mata ido. Ta zauna da matasan fursunoni ta saurari labarinsu, ta tarar da yawansu daga kudancin ƙasar suka zo neman aiki. Masaukai da cibiyoyin matasa na birnin ba sa karɓar baƙar fata, ƙofofin da suka samu a buɗe su ne na mashaya da gidajen caca, daga nan kuma sai hannun 'yan sanda. Ta fahimci cewa tun da icce yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gyaran gidan yari daga bakin tashar jirgi yake farawa.

A 1910 ƙungiyar ta buɗe ɗakin karatu da ofishin samar da aiki da wurin kwana a titin State, da tallafin Victor Lawson, mai jaridar Chicago Daily News, da matarsa. Cibiyar ta kuma zama mafaka ga waɗanda shari'a ta rutsa da su ba su da mai tsaya musu. A wannan shekara ƙungiyar ta sa baki a batun Steve Green, manomin da ya tsero daga jihar Arkansas, ta taimaka aka hana mayar da shi inda ake fargabar za a kashe shi kafin ya ga alƙali. Da tallafin Lawson ya tsaya, albashin aikinta na kotu ne ya riƙe cibiyar, kuma ta mayar da ita wurin ganawa da waɗanda take sa wa ido. Ta rasa wannan aiki a 1916. Ta ci gaba da fafutukar riƙe ginin har 1920, lokacin da rashin kuɗi ya tilasta rufe shi.

Ko a lokacin ba ta huta ba. A ƙarshen Satumbar 1919 aka kai hari kan manoma baƙaƙen fata da suka taru kusa da garin Elaine na Arkansas domin neman farashin adalci ga audugarsu. An kashe baƙaƙen fata masu yawa, amma su ne aka gurfanar, aka yanke wa mutum 12 hukuncin kisa bayan shari'ar da aka yi cikin gaggawa. A farkon 1920 Wells ta koma kudancin da aka kore ta kusan shekara 28 baya. Ta saje cikin matan fursunonin da iyayensu mata ta shiga gidan yari a Little Rock, ta ji daga bakinsu yadda aka azabtar da su domin su amsa laifi, sannan ta wallafa bayanansu a ƙasidar The Arkansas Race Riot. Lauyoyi da ƙungiyar NAACP suka ci gaba da shari'ar har Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1923, kuma zuwa 1925 an saki dukkan mutanen 12.

A ƙarshen rayuwarta wata matashiya ta tambaye ta game da gwagwarmayar da ta yi, domin ta ji sunan amma ba ta san labarin ba. Tambayar ta nuna mata cewa masu tasowa ba su da inda za su karanta tarihin, sai ta fara rubuta tarihin rayuwarta a 1928 domin su. A 1930 ta tsaya takarar majalisar dattawan jihar Illinois, ba ta yi nasara ba. Ta rasu ranar 25 ga Maris, 1931, a Shikago, tana da shekara 68, rubutun kuma ya tsaya a tsakiyar jimla. 'Yarta Alfreda Duster ce ta adana shi har aka buga shi a 1970 da sunan Crusade for Justice.

A 2020 hukumar lambar yabo ta Pulitzer ta karrama ta saboda aikin jaridarta. Dokar tarayya da ta nema tun tana matashiya, wadda ta mayar da irin wannan kisan gilla laifi a matakin ƙasa, sai ranar 29 ga Maris, 2022 aka sa mata hannu, shekara 91 bayan rasuwarta.