Tarihin Wallace Carothers, Masanin da Ya Ƙirƙiro Nailan

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kara ta Akinyele zai ga ana ɗaure shanu da raguna da igiyoyin roba, waɗanda suka ture igiyar rama da ta kaba. Cikin zarurrukan masana'anta irin waɗannan, nailan ne ya fara samun karɓuwa a duniya. A lura cewa a nan Ibadan akan kira ledar zuba kaya da suna nailan, amma sinadarin leda daban ne. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wanda ya ƙirƙiro nailan na ainihi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Wallace Hume Carothers ranar 27 ga Afrilu, 1896 a garin Burlington na Jihar Iowa, a ƙasar Amurka. Ya gama Kwalejin Tarkio a 1920, ya sami digirin dakta a fannin kimiyyar sinadarai daga Jami'ar Illinois a 1924. Ya koyar a Jami'ar Harvard, sannan a 1928 kamfanin DuPont ya ɗauke shi ya shugabanci wani sashen bincike a Wilmington.

Aikinsa

A lokacin masana suna jayayya kan yadda siliki da auduga da roba suke. Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, ya nuna tun 1920 cewa ƙwayoyinsu dogaye ne kamar sarƙa, amma da yawa ba su yarda ba. Carothers ya ɗauki aniyar raba gardama ta hanyar ƙera sarƙar da kansa, yana ƙulla ƙananan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya.

A 1930 abokin aikinsa Julian Hill ya zaro zare daga wani narkakken haɗi, ya ga in an ja zaren bayan ya huce ƙarfinsa yana ƙaruwa. Dalili kuwa shi ne, jan yana sa sarƙoƙin su miƙe, su jeru gefe da gefe, su riƙe juna. Sai dai zaren ba ya jure zafi, don haka bai shiga kasuwa ba.

Ranar 28 ga Fabrairu, 1935 aka dace. Aka haɗa sinadarai biyu, kowanne mai ƙwayar kabon shida, shi ya sa ake ce masa nailan 6,6. Duk inda ƙwayoyin biyu suka ƙullu, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita. Wannan zare yana da ƙarfi, yana kuma jure zafi.

Rasuwarsa

Duk da wannan nasara, Carothers ya daɗe yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, yana ganin bai tsinana komai ba. Ya yi aure a 1936, ƙanwarsa Isobel ta rasu a Janairun 1937, abin da ya ƙara masa ciwo. Ranar 29 ga Afrilu, 1937 ya kashe kansa a wani otal a Philadelphia, yana da shekara 41. An haifi 'yarsa bayan mutuwarsa.

Abin da Ya Bari

Bai ga amfanin aikinsa ba. A 1938 aka bayyana nailan ga duniya, a 1940 safar mata ta nailan ta cika kantunan Amurka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi laimar sauka daga jirgi da igiyoyi da shi. A 1965 Stephanie Kwolek, ita ma a DuPont, ta gano wani dangin nailan mai miƙaƙƙiyar sarƙa. Shi ne Kevlar, wanda ya ninka ƙarfe ƙarfi sau biyar idan nauyinsu ɗaya, kuma da shi ake ɗinka rigar sulke ta 'yan sanda da sojoji.

Kammalawa

Tarihin Carothers ya nuna cewa ƙarfin zare yana cikin tsawon sarƙarsa da yadda aka jera ta. Ya kuma nuna cewa ciwon damuwa ba ya kallon ilimi ko ɗaukaka. Ɗalibin da ya ga alamarsa a jikinsa ko ga abokinsa, ya hanzarta zuwa wurin likita.