Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Masallacin Zazzau

Fatake da almajirai da ke tashi daga Bunguɗu da Gusau su bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Zariya, da yawansu sun yi sallar Juma'a a babban masallacin da ke ƙofar fadar Sarkin Zazzau, suka fita ba su san cewa a cikin ginin siminti da suka shiga akwai wani tsohon gini na ƙasa ba. Wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake yi wa laƙabi da Babban Gwani, watau gwanin da babu na sama da shi a cikin magina.

Ya yi wannan aiki a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, bayan Malam Musa da Yamusa. Lokacin ba a daɗe da ƙare jihadi ba, sarakuna suna son masallatan da za su ɗauki jama'a mai yawa. To, ga wahalar da magina ke fama da ita: azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, amma in aka shimfiɗa ta a kan faɗi mai yawa aka aza mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. Saboda haka ɗakunan dā ba su da faɗi. Dabarar magina ita ce bakan gizo. Ana kafa azara cikin bango ana ɗaure ta, kowane ɗauri ya ɗan zarce na ƙasansa, ana lulluɓewa da ƙasa, har na dama ya sadu da na hagu a sama. Babban Gwani ba shi ya fara wannan ba, amma a hannunsa ta kai matuƙa. Ya tsai da ginshiƙai masu kauri, bakuna suna fitowa daga gare su suna ratsa juna, ya ɗora tulluwa a bisa, sa'an nan ya yi wa ginshiƙan zane mai tudu da kwari. Babu surar mutum ko ta dabba a ciki, sai layuka da kusurwoyi. Wanda ya saba da zayyanar allon sauka, idonsa ba zai yi baƙunci a wurin ba. Har ila yau ya haɗa wa masallacin ɗakin shari'a da wuraren alwala.

Mutanen Zariya suna ruwaito cewa da dare yake aiki. Ko mene ne asalin wannan magana, tana nuna yadda jama'a suka ɗauki gwanintarsa a kan abin da ya wuce na sauran magina.

Sunansa ya kai ƙasar Bauci. A Kafin Madaki akwai Gidan Madaki, wanda aka gina wajen 1860, shi ma nasa ne, kuma a cikin 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana a taɓa.

Labarin ƙarshensa ba shi da daɗin ji. An ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da ya gama sai sarki ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi wannan. Malamai masu karatun adabi za su tuna Sinimmaru, wanda ya gina wa Nu'umanu Sarkin Hira gidan Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga kan ginin, har Larabawa suka mai da sunansa karin magana. Kamar labaran biyu ta yi yawa, shi ya sa ya kamata a riƙe na Birnin Gwari a matsayin ruwaya. Allah ya jiƙansa.

A cikin shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na siminti, aka rushe waɗansu sassa na tsohon, aka bar babban ɗakin salla a ciki. An tsare shi daga ruwan sama, wannan gaskiya ne, amma tulluwan da ake hangowa daga waje sun ɓuya, kuma a ganina an yi hasara. Sa'ar da aka yi, wani Bature masanin gini, Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, ya riga ya auna masallacin ya zana shi a takarda, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Mai son ziyara, in ya shiga birnin Zariya, sai ya fara da masallacin a lokacin da ba na salla ba, ya nemi izinin masu kula da shi, ya ɗaga kai ya dubi bakunan. Daga nan ya tambayi unguwar Babban Gwani, inda gidansa yake, aka kuma san zuriyarsa da gadon gini.