Sardauna Ahmadu Bello A Kwalejin Katsina

An haifi Alhaji Ahmadu Bello a Rabah, cikin Lardin Sakkwato. Mahaifinsa Malam Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno. Duk da wannan asali, da ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1926 bai sami wani sassauci ba. Dokar da ta hau kan ɗan talaka ita ta hau kansa: tashi da wuri, tsabta, kiyaye lokaci, da koyon Turanci har bakinsa ya faɗa. Nan ya zauna tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo daga Bauci cikin 1928.

A filin wasa ya yi fice wajen fayis, wasan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango, bai kuwa rabu da shi ba har girmansa.

Da ya gama cikin 1931 sai ya koma gida ya koyar a Midil ta Sakkwato. Cikin 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah, 1938 Sardauna, 1954 Firimiyan Jihar Arewa. Cikin 1962 ya kafa jami'ar Zariya mai sunansa. An kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966.

Mu dai a ganinmu, horon Katsina shi ya gyara shi ya iya ɗaukar wannan kaya. Malamai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya jiƙansa, amin.