Kawsan da bindigogin Fezzan

An haifi Kawsan wajen shekarar 1880 cikin ƙabilar Ikazkazan ta Abzinawa. Ya tashi lokacin da Faransawa ke mamaye ƙasa daga Damagaram zuwa Abzin. Ya ƙi miƙa wuya, ya yi ƙaura gabas, ya shiga ɗariƙar Sanusiyya.

Tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani. Su kuwa Nasara da irin waɗannan bindigogi suka ci ƙasa. Saboda haka duk mai niyyar tsayayya sai ya nemi makami ta ɓarauniyar hanya, hanyar ayarin da ke ratsa hamada daga Tarabulus.

A 1911 Italiya ta faɗa wa Libiya. A ƙarshen 1914 'yan Sanusiyya suka kori sojojinta daga Fezzan, suka ƙwace bindigogi da harsasai masu yawa. Daga nan Kawsan ya samu nasa rabo, har da igwa. Ya haɗa baki a asirce da Sarkin Abzin Tegama, wanda Faransawa suka ɗauka nasu ne.

Cikin watan Disamba na 1916 ya shiga Agadas, ya kewaye barikin soja. Sojojin da ke ciki ba su samu fita ba sai ran 3 ga Maris 1917, da gudummawa ta iso daga Damagaram. Ingilishi ma sun aiko da dakaru daga Najeriya. Ramuwar Faransawa ta yi muni: an karkashe mutanen gari, har da malaman da suka fake cikin masallaci, an kwashe raƙuma, Abzin ta watse.

Kawsan ya janye zuwa duwatsun Tibasti, daga can ya koma Fezzan. Abokan jiya suka juya masa baya, aka rataye shi a Murzuk cikin Janairu 1919. Tegama kuwa an kama shi a wannan shekara, aka kai shi kason Agadas don a gurfanar da shi gaban kotun soja. Ba a kai ga zaman shari'ar ba: an shaƙe shi cikin ɗakinsa a 1920, aka ce shi ya kashe kansa.

Ga dokar Nasara, Kawsan ɗan tawaye ne mai fasa-ƙwaurin makamai. Nijar mai mulkin kanta ta sa shi cikin jaruman da suka ƙi mulkin mallaka, yara kuma suna koyon tarihinsa a makaranta.