Ɗan Maraya Jos: Marayan Da Ya Samo Muryarsa A Maiduguri

A al'adar ƙasar Hausa, mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira, sannan da ubangidan da ke ɗaukar nauyinsa. Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya saɓa wa wannan tsari, ya fuskanci duniya da kuntiginsa kawai.

An haife shi a garin Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, amma ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa. Mahaifiyarsa ita ma ta bi bayan mijinta tun yaron bai san kansa ba. Sarkin ne ya riƙe shi, kuma daga wannan rashi ya samo sunan da ya shafe na yanka.

Tun yana ƙaramin yaro wata tafiya ta kai shi Maiduguri. A can ya ga makaɗan da suka burge shi, har ya haɗa wa kansa kuntigi: ɗan gwangwani da aka rufe da fatar akuya, mai tsirkiya ɗaya tak. Yaron da bai samu mahaifin da zai koya masa kiɗa ba, sai ga shi ya samo sana'ar gado a ƙasar Barno.

Wanda ya ɗanɗani maraici ya san zafin rashin gata. Shi ya sa, a zamanin da mawaƙa da yawa ke wasa sarakuna da attajirai, shi ya karkata ga waɗanda ba su da mai yabonsu. Waƙar Karen Mota ta ɗaga darajar yaran da ke wahala a bayan manyan motoci. A Jawabin Aure ya yi wa ma'aurata nasiha, a Auren Dole kuma ya ja kunnen iyayen da ke tilasta wa 'ya'yansu mata. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa.

Daga baya ɗaukaka ta zo. Ya yi wasa a ƙasashen waje, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Duk da haka bai sauya kuntigi da wani kayan kiɗa ba, bai kuma bar Jos ba.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, bayan jinya. Har gobe waƙoƙinsa na tashi a rediyo da tashoshin mota, a kunnen mutanen da ya yi su dominsu. Allah Ya jiƙansa da rahama.