Audrey Hepburn: 'Yar direba a majigi, jakadiyar yara masu yunwa a zahiri

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san labarin 'yar talaka da ta kamu da son ɗan maigida. Tun a 1954 Hollywood ta yi irinsa a fim ɗin Sabrina, kuma wadda ta fito a matsayin yarinyar, Audrey Hepburn, ta san rashi fiye da yadda fim ɗin ya nuna.

An haife ta ranar 4 ga Mayu, 1929, a Brasels ta ƙasar Beljiyam. Mahaifiyarta, Ella van Heemstra, jinin sarauta ce daga Holan, mahaifinta kuwa Baturen Ingila ne da ya fice daga gidan a 1935. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, uwar ta koma da ita Arnhem da zaton Holan za ta tsira, sai Jamus ta mamaye ƙasar a Mayun 1940. A 1942 'yan mamaya suka harbe mijin 'yar'uwar mahaifiyarta. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kai jama'a ga niƙa saiwar furanni su yi gari. Ta fito daga yaƙin da ƙarancin jini da kumburin ƙafa, abincin agajin ƙasashen duniya ne ya taimaka ta farfaɗo.

Burinta shi ne ta zama gwanar rawar bale, amma da ta isa Landan a 1948 aka shaida mata cewa tsayinta da raunin da yunwa ta bar mata ba za su bari ta kai ƙololuwa ba. Sai ta koma wasan kwaikwayo. Fim ɗin Roman Holiday na 1953 ya kawo mata lambar Oscar tun ba ta cika shekara 25 ba.

A Sabrina, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, ta fito a matsayin 'yar direban gidan Larrabee, attajiran Long Island, tana kwana a ɗakin da ke saman garejinsu. Daga kan bishiya take leƙen shagulgulansu, tana fama da son David, ƙaramin ɗan gidan, wanda ko kallo ba ta ishe shi ba. Mahaifinta ya tura ta Faris koyon girki. Bayan shekara biyu ta dawo cikin tufafi na alfarma, har David ya rage mata hanya daga tashar jirgin ƙasa bai gane ta ba. Sai dai an riga an yi masa baiko da 'yar wani attajirin rake, auren da zai haɗa kamfanoni biyu. Yayansa Linus, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayinsa, ya shiga neman ta da yaudara don ya ceci cinikin, daga bisani tarkon da ya ɗana ya kama shi.

Fim ne na ban dariya, amma akwai ɗaci a ƙarƙashinsa. Yarinyar ba ta sauya hali ba, sutura ta sauya, sannan aka gan ta. Wanda ya taɓa aiki kusa da manya a Abuja ya san yadda direba ko mai gadi kan shekara goma a ƙofar gida ba a san sunan 'ya'yansa ba.

Soyayyarta ta zahiri ba ta bi tsarin majigi ba. Aurenta da Mel Ferrer ya mutu a 1968, wanda ta yi da likita Andrea Dotti ya mutu a 1982, kowanne da ɗa ɗaya. Ta rage fitowa a fim don renon 'ya'yanta, ta zauna a ƙauyen Tolochenaz na Suwizalan.

A 1988 ta fara aiki da asusun UNICEF a matsayin jakadiya, ta soma da Habasha mai fama da yunwa. Ta je Sudan da Bangaladash a 1989, sannan Somaliya a Satumbar 1992. Ta fahimci cewa 'yan jarida za su bi ta duk inda ta sa ƙafa, sai ta riƙa kai su inda yaran suke. Shaharar da kwalliya ta ba ta ita ta kashe a kan waɗanda ba a gani.

Bayan dawowarta daga Somaliya aka gano tana da ciwon daji a ciki. Ta rasu a gidanta ranar 20 ga Janairu, 1993, tana da shekara 63.

Mutanen Uba da Mubi da suka bar gidajensu a ƙarshen 2014 sun san cewa yunwar yaƙi takan bar tabo a jikin yaro har girmansa. Yarinyar Arnhem ta rayu ne domin kayan agaji sun iso a kan lokaci. Ma'aikacin da takardar abincin yara ke kwance a teburinsa, ya tuna cewa jinkirin mako guda a ofis na iya zama ajalin wani yaro a sansani.